Banda Ƙwallo: Kundin Zaman Gem na Juma'a a Zaurenmu

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Na'urar ta iso gida. PlayStation 2 (PS2) ce siririya, samfurin SCPH-77004, ta kasuwar Turai, 'yar gwanjo, da hannu biyu da memori ɗaya mai Free McBoot a ciki, wato manhajar da ke ba na'urar damar tayar da manhajojin da ba na Sony ba. Mai shagon ya fara da naira 55,000, muka daidaita a 42,000.

Abin da nake so in yi shi ne, duk ranar Juma'a daga la'asar zuwa magariba, tunda babu Islamiyya, yaran gidanmu da na maƙwabta su hallara a zaure in sa musu wasannin da ba su taɓa jin sunansu ba. Doka ɗaya ce tak: banda ƙwallo.

Ba ƙin ƙwallo nake ba. Ni ma a gidan gem na girma, na kuma san dalilin da ya sa ba a buga komai a can sai ita. Mai gidan gem kuɗin wasa ɗaya yake karɓa, minti goma, wanda aka ci ya miƙa hannu ga na gaba. Duk wasan da ba zai shiga cikin minti goman nan ba, asara ne a wurinsa. Shi ya sa muka tashi da PES da Mortal Kombat, in an yi nisa GTA San Andreas ko God of War. Wasan da sai ka yi awa talatin kana bin labari, kana ajiye inda ka tsaya a memori, wa zai bar maka benci? Tun fitowarta a 2000 Sony ta sayar da PS2 sama da miliyan 155, wasanninta dubbai ne, mu kuwa da ƙyar muka san goma.

Na tambayi mai shagon ko yana da Ico. Ya ce, "Alhaji, na wace kaka ne? Akwai sabon faci, har da 'yan wasan bana." Na bar maganar a nan.

Faya-fayan aro ne. Wani abokina da ke zaune a Ingila yana tsinto su a shagunan kayan hannu, ya zo hutun ƙarshen shekara ya bar min takwas har zuwa Babbar Sallah: Ico, Okami, God Hand, Beyond Good & Evil, We Love Katamari, Freedom Fighters, Psychonauts da The Mark of Kri. Duka na asali ne, duka na Turai, saboda haka sun dace da na'urar.

Talata, 7 ga Janairu

Katamari ya tashi lafiya, ana cikin gwaji sai na'urar ta fara wani ƙaf-ƙaf. Da na sake kunnawa, jan allon nan ne ya fito, mai cewa a sa faifan PlayStation. Na ciro faifan na ɗaga shi a haske, sai ga wani siririn zane ya fara zagaye shi. Gabana ya faɗi, kayan aro ne.

Mai gyara ya buɗe a gabana ya nuna min. A cikin siririyar PS2 akwai wata lallausar waya mai faɗi da ke bin idon na'urar duk inda ya matsa. Gam ne ke riƙe da ita a ƙasa. Idan gam ɗin ya tsufa sai ta ɗago, ta riƙa shafar faifai yana juyawa, ta zana masa da'ira. Ya manne ta, ya goge ƙurar hunturun da ta rufe idon, sannan ya ce, "Oga, idon nan ya gaji. Zai ja, amma kada ka dogara da shi." Naira 4,000. Faifan dai bai mutu ba, zanen a sama ya tsaya.

Ba zan ƙara sa faifan mutane a ciki ba. Zan kwafe kowanne a tsohuwar laftof ɗita mai ramin DVD, in riƙa kunna su ta manhajar OPL, mai tayar da wasa daga kwafi ba tare da faifai ba. Mai gyaran ya ce in zuba a filash. Na gwada da daddare. Ramin USB na PS2 tsohon yayi ne, 1.1, ba ya iya jan bidiyon da ke cikin wasa: hoto na tsinkewa, murya na in'ina. Ga wanda ƙwallo zai buga wannan ba komai ba ne. Ga wasan da labari ne ginshiƙinsa, an kashe shi.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na sayi wayar LAN, 2,000, na haɗa bayan PS2 da laftof kai tsaye. Sai da na shiga saitin Windows na kunna SMB1, tsohon tsarin raba fayil tsakanin na'urori, wanda a kashe yake zuwa saboda raunin tsaronsa, don haka laftof ɗin ba ta hawa intanet lokacin zama. Bidiyo yanzu sumul. Aibin kawai shi ne na'ura biyu ke cin wuta maimakon ɗaya.

Juma'a, 10 ga Janairu

Zama na farko. Da gangan na fara da We Love Katamari, don ba ya buƙatar kalmar Turanci ko ɗaya.

Keita Takahashi ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Namco, mutumin da sassaƙa ya karanta a jami'a. Na farkon, Katamari Damacy, ya fito a 2004 amma ba a kai shi Turai ba, sai wannan na biyun ya isa can a 2006. Kai ɗan mitsitsin yarima ne mai tsawon santimita 5, kana gangara wata dunƙulalliyar aba mai danƙo. Duk abin da bai kai ta girma ba, in ta taɓa shi ya manne. Ka fara da ƙusoshi da alewa, ka koma kyanwa da bokiti, can sai ga ka kana kwasar mutane da motoci da gidaje. Analog biyu kawai ake amfani da su: ka tura duka gaba ta tafi, ka tura ɗaya gaba ɗaya baya ta juya.

Minti biyar na farko tsaki aka riƙa yi. Babban ɗan yayata, wanda a unguwa ba a cika cin sa a PES ba, ya ce, "Kawu, wannan ai na jarirai ne." Da aka manne wani mai keke ƙafafunsa na lilo a sama, dariya ta ɓarke, daga nan aka fara rigimar layi.

Abin da ban yi tsammani ba, ƙanwarsa ce ta fi kowa. Ita ba a barinta zuwa gidan gem, saboda haka babban yatsanta bai saba da neman maɓallin shot ba, ta kama sandunan yadda wasan yake so. Akwai kuma tsarin mutum biyu su tura aba ɗaya, kowa da gefensa. In ba su yi shawara ba sai ta riƙa juyawa a wuri guda. Na haɗa ta da yayan nata, aka sha faɗa.

Kafin magariba analog ɗin dama na hannu ɗaya ya daina komawa tsakiya.

Lahadi, 12 ga Janairu

Hannuwan da suka zo da na'urar jabu ne, ko daga nauyinsu. Na samo DualShock 2 na asali, na gwanjo, guda ɗaya, 11,000. Ya fi sabon jabu tsada nesa ba kusa ba, amma ana sa yatsa ake jin bambanci. Na kuma sayi ƙaramar adaftar HDMI, 6,500, don hoton da wayar nan mai kai uku ke bayarwa a talabijin ta bango dishi-dishi ne.

Laraba, 15 ga Janairu

Adaftar ta yi aiki bayan na canza saitin fitar hoto a PS2 daga RGB zuwa Y Cb/Pb Cr/Pr. Okami ya fito tar. God Hand ma haka. Na sa Ico, tambarin farko ya wuce, sai talabijin ta yi baƙi ta ce ba sigina, sauti kuwa yana tafiya, ana jin sawun doki.

Na ɗauka kwafin ne ya lalace, na sake kwafa, abu bai sauya ba. Da na bincika sai na gane ba laifin kwafi ba ne. Yawancin wasannin PS2 suna fitar da hoto mai layuka 480 ko 576. Ico yana cikin 'yan kaɗan da ke fitar da kusan rabin haka, irin na zamanin PlayStation ta farko, wadda a kanta ma aka fara gina shi kafin a mayar da aikin kan PS2. Tsohuwar talabijin ba ruwanta, karɓa take. Adafta mai arha kuwa miƙa siginar take yadda ta zo, sabuwar talabijin ta ce ba ta san wannan ba.

A ɗakin ajiyar Hajiya akwai tsohuwar talabijin mai ƙeya, inci 21, an lulluɓe ta da zani tun ban san yaushe ba. Na roƙa. Ta ce, "Da kuka ce ta tsufa, yanzu kuma ita ake nema?" Mai gyara ya canza mata wasu kafasito da suka kumbura, 3,500. Da muka ɗora ta a zaure na mayar da waya mai kai uku, hoton da ke dishi-dishi a bango ya zauna daram a nan. Don irinta aka zana wasannin. Adaftar ta koma aljihun tebur.

Juma'a, 17 ga Janairu

Ico. Fumito Ueda da tawagarsa a Sony ta Japan, 2001.

Yaro ne da aka haifa da ƙaho, mutanen ƙauyensu suka ɗauke shi abin camfi, suka kai shi wani ƙaton gidan sarauta da ba kowa suka kulle a akwatin dutse. Ya kuɓuta, ya tarar da wata yarinya, Yorda, a keji. Ba ya jin yarenta, mai wasa ma ba ya ji, don fassarar maganarta da wasu alamomi ake rubuta ta. A allon babu ma'aunin rai, babu taswira, babu maki. Makaminka icce ne.

Tambaya ta farko, "Kawu, ina bindiga?" Ta biyu, "Wa ake duka?"

Duk wasan a maɓallin R1 yake. In tana nesa ka danna ka kira ta, in tana kusa ka riƙe hannunta. Ita kaɗai ke iya buɗe ƙofofin sihiri, amma ba ta iya hawa sarƙa ko tsallake rami mai faɗi, sai ka nemo mata hanya. Da hannu na asali, kuna gudu ana jin wani ɗan bugu a tafin hannu duk sanda ka fizge ta. Jabun hannun ba ya yin wannan. Kuɗin Lahadi sun fita.

Gwanin ƙwallonmu ne ke riƙe da hannu lokacin da abin ya faru. Ya gaji da jiran ta, ya bar ta a tsakar wani fili ya haye sama neman hanya. Can sai aka ji ta yi ƙara. Baƙaƙen inuwoyi sun fito daga ƙasa, ɗaya ya saɓe ta a kafaɗa ya nufi wani baƙin rami da ita. Zauren gaba ɗaya ya miƙe: "Koma! Koma mana!" Ya diro, ya yi gudu, bai kai ba. An nutsar da ita, shi kuma ya zama dutse. Aka yi masa ca. Bayan an dawo, ko tsani zai hau sai ya waiwaya ya ga inda take. Ba wanda ya gaya masa dokar, ba rubutun da ya fito.

Wurin ajiye wasa benci ne na dutse, kuma ba ya ajiyewa sai su biyun sun zauna a kai.

Ico bai yi kasuwar kirki ba a lokacinsa, musamman a Amurka, inda aka sa masa wani bango marar fasali, alhali na Japan da Turai zanen Ueda ne da kansa. Amma masu yin wasanni sun gan shi. Hidetaka Miyazaki, wanda daga baya ya yi Dark Souls da Elden Ring, ya faɗa cewa buga Ico ne ya sa ya bar aikin da yake yi ya shiga harkar. Yaran sun san Elden Ring daga bidiyon waya, wannan ya ɗaga darajar yaro mai ƙaho a idonsu fiye da duk bayanina.

Juma'a, 24 ga Janairu

Na tsara rabin lokaci Ico, rabi sabon wasa. Yau Beyond Good & Evil, na Michel Ancel, Bafaranshen da ya yi Rayman, daga Ubisoft, 2003.

Buɗewarsa kaɗai ta saye su. Jade 'yar jarida ce mai ɗaukar hoto, tana riƙon marayu a wata hasumiya a duniyar Hillys. Maharan DomZ suka fara ruwan wuta daga sama, ta ruga ta kunna garkuwar gidan, garkuwar ta tashi ta mutu nan take, saboda kuɗin wutarsu ya ƙare. Kafin in fassara wani ya riga ni: "Kati ne ya ƙare!" Aikin farko da za ka yi a wasan shi ne ɗaukar hoton dabbobi kana tura wa wata cibiyar kimiyya tana biyan ka, ka sayi wuta. Nau'in dabba 56 ne, kuma yaran sun ɗauki abin da gaske, har da jeri a bayan littafin wani.

Matsalata ɗaya da wasan ta kaina ce. Mai riƙon Jade, Pey'j, makanike ne mai siffar alade, kuma kawu take ce masa. Duk sanda ta faɗa sai na fassara. Duk sanda na fassara sai a juyo a kalle ni.

Ƙarƙashin wannan wasa da dariyar akwai magana mai nauyi. Rundunar da ke cewa tana kare jama'a, Alpha Sections, da ita ake haɗa baki ana sace mutane, gidan talabijin kuma yana yabon ta dare da rana. Makamin Jade na gaske kyamara ce: ta lallaɓa masana'anta, ta ɗauki hujja, ƙungiyar ɓoye ta IRIS ta buga a jaridarta. Kana komawa gari sai ka ga masu zanga-zanga sun ƙaru. Wani ɗan maƙwabta da ke aji biyar na sakandare ya yi shiru ya ce, "To in ba wanda ya yarda da hoton fa?" Na ce ya riƙe tambayar, mu ga yadda wasan zai amsa.

Ba rashin kyau ya kayar da shi ba. An sake shi a ƙarshen 2003, cikin cunkoson kasuwar Kirsimeti, lokaci ɗaya da Prince of Persia: The Sands of Time na kamfani ɗaya, ba a daɗe ba aka karya farashinsa. An nuna ɗanɗanon na biyu a 2008, aka sake nunawa a 2017, har yau bai fito ba.

Talata, 28 ga Janairu

Na ƙaro hannu na asali na biyu, 11,000. Na ɗinka wa na'urar da talabijin riga saboda ƙura, da ragowar yadi, kyauta.

Juma'a, 31 ga Janairu

Ba wuta, sai da na tayar da janareta. Okami.

Wannan ya gwada ni. Ba a magana a cikinsa, wani gwalan-gwalan ake yi, komai a rubuce yake da Turanci, kuma gabatarwarsa doguwa ce da ba a tsallakewa. Na zama tafinta. Kafin a saki hannu a fara tafiya maƙogwarona ya bushe, ƙananan biyu sun fice tsakar gida.

Tun farko na yi musu bayani, don na san za a tambaye ni a cikin gida. Labarin daga tatsuniyoyin addinin gargajiya na Japanawa aka ɗebo shi. Farin kyarkecin da kake sarrafawa, Amaterasu, a wurinsu abar bauta ce ta rana, ana faɗa da maciji mai kai takwas, Orochi. Na ce labarin mutanen wata ƙasa ne, mu ji yadda suke ba da shi, ba abin da za mu ɗauka ba ne. Suka ce sun gane, a ci gaba.

Da aka kai ga alƙalamin sai waɗanda suka fita suka dawo. Ka riƙe R1, duniya ta tsaya cak ta koma takarda, ka yi zane da tawada. Layi miƙaƙƙe ya sare dutse. Da'ira a sararin sama ta fito da rana. Gadar da ta karye, ka cike gurbin ta dawo. Daga baya da'ira a kan busasshiyar bishiya za ta sa ta yi fure, kore ya malale kwarin gaba ɗaya. Dabaru 13 ne. Hoton kansa kamar zayyanar allo ce da ke motsi, baƙin layi mai kauri da launi a ciki, kuma yaran da hannunsu ya faɗa a rubutun allo su ne da'irarsu ke rufewa tun karon farko.

Clover Studio ce ta yi shi ƙarƙashin Capcom, Hideki Kamiya ya jagoranta. Ya fito a Japan da Amurka a 2006, Turai sai Fabrairun 2007, wata ɗaya kafin PS3 ta sauka can. Idon kowa ya riga ya koma kan sabuwar na'ura. Ya sha yabo da lambobi, ciniki kuwa bai taka kara ya karya ba, Capcom ta rufe Clover. A Disambar 2024 aka sanar cewa Kamiya zai yi na biyu.

Talata, 4 ga Fabrairu

Asara. Na kunna don in duba wani abu a Okami, wasan ya ce babu ajiya. Na shiga cikin memorin, a gurbin hoton kyarkeci sai wani ɗan akwati da ke cewa bayanan sun lalace. Na Beyond Good & Evil ma haka. Na Ico ne kawai ya tsira, shi da Katamari.

Memorin da ya zo da na'urar an rubuta 64MB a jikinsa. Sony ba ta yi irin wannan ba, nata 8MB ne. Waɗannan manyan na wasu kamfanoni ne daban, suna iya yin watanni lafiya, rana ɗaya su cinye abin da ke ciki, musamman in wuta ta yi rawa ana tsakiyar ajiyewa, abin da janareta ya yi ranar Juma'a. A gidan gem ba wanda zai lura, don ba abin da ake ajiyewa sai jerin 'yan wasa.

Na samo na asali mai 8MB, 5,000. Shi ke rami na ɗaya yanzu don ajiya, jabun ya koma rami na biyu, aikinsa tayar da Free McBoot kawai. Bayan kowane zama zan kwafe ajiyar zuwa filash ta manhajar kwafe fayil, uLaunchELF. Dabbobin Jade sai an sake ɗaukar su daga farko. Ban san yadda zan gaya wa mai jerin ba.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

An sake Okami daga farko, da gabatarwarsa da ba a tsallakewa. Wannan karon ɗan aji biyar ne ya yi tafinta, ni na sha shayi. Yana ƙara gishiri, amma ya fi ni murya.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na ware wa manya zama na daban bayan isha'i, saboda God Hand. Akwai barkwancin da bai dace da ƙanana ba, akwai kuma gidan caca tsakanin matakai, na ce ba mai shigarsa.

Shi ne wasan ƙarshe na Clover, 2006, Shinji Mikami mai Resident Evil ya jagoranta. Shafin sharhin wasanni na IGN ya ba shi 3 cikin 10, kuma makin ya bi shi shekaru. Na fahimci abin da mai makin ya gani: gine-gine fayau ba ado, kyamara manne a bayan jarumin wasan, Gene, juyawa da nauyi. Abin da bai tsaya ya gani ba shi ne dambe. Babu karewa sam. Analog ɗin dama kaucewa ne: sama ka sunkuya, gefe ka goce, ƙasa ka yi tsalle da baya. Salon duka sun haura ɗari, kai kake jera su a maɓallai yadda kake so, saboda haka Gene ɗin kowa daban yake.

Sai ma'aunin da ke gefen allo, 1, 2, 3, da na ƙarshe da suka kira Die. Kana ƙwarewa yana hawa, abokan gaba na ƙara wayo da zafi. Ana jibgar ka yana sauka. Akwai ma wani salo da Gene zai durƙusa ya roƙi gafara, ma'aunin ya koma 1. Samarin nan sun gwammace a kashe su sau goma da a ga sun durƙusa a gaban abokai.

A cikin takwas ɗin nan wannan ne kaɗai zai iya rayuwa a gidan gem. Mutuwa na zuwa da wuri, hannu na zagayawa, 'yan kallo na da abin ihu. Ƙarfe goma na kore su da ƙyar.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Psychonauts bai karɓu ba. Na Tim Schafer ne da Double Fine, 2005, yaro Raz yana shiga cikin kwakwalwar mutane, kowace da duniyarta. Ni ina son sa ƙwarai. Amma daɗinsa a barkwancin baki yake, na Turancin Amurka, kafin in juya magana ɗaya an yi uku, wadda na juya kuma ta huce. Na cire shi. Okami ya jure tafinta don rubutu ne mai jiran ka danna. Wannan ba ya jira.

The Mark of Kri ni kaɗai na duba shi. Zanensa kamar katun na yara, amma sare kai ake yi a fili. Dabararsa mai kyau ce, ka share da analog ɗin dama, kowane maƙiyi ya samu nasa maɓallin a ka. Ba zai shiga zauren ba, ko na manya.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

An gama Ico. Ƙanwar gwanin ƙwallo ce ta warware wuyar warwarewar ƙarshe, shi ya yi faɗan ƙarshe da Sarauniyar gidan sarautar. Na hana kowa tashi sai rubutun sunaye ya ƙare, don akwai saura a bayansa. An yi gardama a kan ma'anar ƙarshen har aka kira salla.

Na Turai yana da garaɓasar da na Amurka ba shi da ita. In ka gama ka sake farawa, maganar Yorda na fitowa a fassare, kuma mutum na biyu zai iya sarrafa ta da ɗaya hannun. Tuni an raba: ita Yorda, shi yaro mai ƙaho, ta ce yanzu ba mai fizgar ta.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Lissafi. Na'ura 42,000, gyaranta 4,000, wayar LAN 2,000, adaftar da ba a amfani da ita 6,500, hannu biyu 22,000, gyaran talabijin 3,500, memori 5,000. Jimla 85,000. Fetur wajen 9,000, ya kama 94,000. Adaftar zan sayar.

Azumi na bakin ƙofa, zaman Juma'a zai tsaya har bayan Sallah. Inda aka kwana: Okami an ɗan wuce ƙauyen Kamiki, Beyond Good & Evil an dawo masana'anta, God Hand manya na mataki na uku. Duka na kwafe a filash, na kuma sa kwafi a laftof.

Bayan Sallah abu biyu. Na farko Freedom Fighters na IO Interactive, 'yan Denmak masu Hitman, 2003, inda mai gyaran famfo ke tara mayaƙa har 12 a New York da Tarayyar Sobiyat ta mamaye. Umarni uku kawai ake ba su, ku biyo ni, ku kai hari, ku tsare nan, saboda haka ba zai ci tafinta da yawa ba. Mutum huɗu na iya karawa a allo ɗaya in akwai multitap, abin da ke ƙara ramukan haɗa hannu, kuma sai na nemo samfurin da ke shiga siririyar PS2, don na babbar ba ya zama. Da shi sai ƙarin hannu biyu, wato wata 22,000.

Na biyu ba na PS2 ba ne. Aurion: Legacy of the Kori-Odan, wanda Kiro'o Games ta Olivier Madiba ta yi a Yawunde ta Kamaru, ya fito a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta, a 2016 bayan sun sha fama da ɗaukewar wuta suna aikinsa. Labarin sarki Enzo ne da matarsa Erine, da aka yi wa juyin mulki ranar aurensu da naɗinsa. Ina so yaran su ga wanda maƙwabtanmu suka yi. Sai na gwada ko laftof ɗin za ta iya ɗaukar sa, in kuma samo 'yar adaftar da ke haɗa hannun PS2 da ramin USB. Na sa mai gyara ya tambayo min farashi.